Kik ɗin tsohuwar Fijo: a saurari ƙararsa a auna wuta kafin a kwance shi

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar mota irin su Peugeot 504 ko 404 ko Beetle ɗin nan mai inji a baya, akwai ranar da zai murɗa makulli yaji ƙas sau ɗaya shikenan shiru, ko yaji injin yana juyawa da ƙyar yana nishi, kuma maganar da take fara fitowa daga bakin kowa itace kik ya mutu, wato na'urar da take juya inji ya tashi, a kwance shi a sa wani. To ni dai abinda na gani a harkar nan shine yawancin kik ɗin da ake kwancewa daga tsofaffin motoci lafiyarsu ƙalau, an bar jaki ne ana dukan taiki, sannan waɗanda suke da matsalar da gaske ma abinda ya lalace a cikinsu ɗan ƙaramin abu ne wanda tun daga kamfani anyi shi ne don ya cinye a canza shi. Abin yana damuna sosai saboda 504 ɗin nan da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 aka ci gaba har 2006, kik ɗinta na asali, na Paris-Rhône ko Ducellier ko Bosch, kullum raguwa yake a kasuwa, kuma duk wanda aka jefar a bola ko aka sayar wa ƴan gwangwan don tagullar cikinsa ya tafi kenan.

Sai an fahimci irin wutar da kik yake ja sannan sauran bayanin zai zauna. Babu wani abu a jikin mota da yake shan wuta kamarsa. Fitilar gaba guda ɗaya tana jan kamar amfiya 5, shi kuwa kik na injin fetur mai silinda huɗu yana jan tsakanin 100 zuwa 200, na dizal ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma duk wannan wutar daga batir mai bolt 12 kacal zata fito ta bi ta kan batir, ta bi ta babbar waya, ta ratsa solonoyid, ta shiga buroshi da amecha (amecha ita ce abinda yake juyawa a cikin kik, buroshi kuma ƴan dunƙulen da suke taɓa ta suna ba ta wuta), sannan ta dawo ta jikin inji da wayar at, wato wadda take haɗa jikin mota da batir, zuwa ɗaya kan batir ɗin. Yanzu a ce akwai ɗan tsatsa ko farin garin nan a kan batir wanda ya kawo tsaiko na om 0.02, abinda ido ma ba zai ɗauke shi komai ba. Idan fitila ce take jan amfiya 5 asarar da za'ayi a wajen bolt 0.1 ce, fitila zata kama tar. Idan kik ne yake jan 150 asarar ta zama bolt 3 cur, kaga kenan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin batir ya tsaya a hanya yana zama zafi. Wannan shine amsar maganar da masu mota suke yawan yi, wai ai fitila tana kamawa hon yana yi rediyo yana yi, don haka ba wuta bace. Wuta ce mana. Waɗancan duk basa tambayar batir da waya irin abinda kik yake tambayarsu.

Shi solonoyid ɗin da yake goye a bayan kik aiki biyu yake yi lokaci guda, yana tura bendis, ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke bakin kik, ya shiga haƙoran fulawil, babban faifan da yake juyawa tare da inji, kuma idan ya kai ƙarshe sai ya haɗa wasu manyan kusoshin tagulla guda biyu da wani faifan tagulla, a nan babbar wutar take wucewa. Akwai wani abu a cikinsa da ko masu rewaya da yawa basu damu su sani ba kuma yana warware rikici sosai. Naɗin waya biyu ne a ciki, ɗaya mai kauri mai fizgowa, ɗaya siriri mai riƙewa. Mai riƙewar at ɗinsa a jikin ƙarfen kik yake, amma mai fizgowar at ɗinsa sai ya bi ta cikin buroshi da amecha tukuna. Ma'ana idan buroshi ya cinye baya taɓa amecha da kyau, solonoyid ba zai samu ƙarfin fizgowa ba, sai kaji shiru ko wani ɗan ƙas mara ƙarfi, sai a ce solonoyid ne, a sayo sabo a ɗaura, mota ta tashi kwana biyu saboda girgizar kwancewa da ɗaurawa ta sa buroshin ya ɗan zauna, rana ta uku a koma gidan jiya.

Ƙarar da motar take yi idan an murɗa makulli ita ce shaida ta farko kuma kyauta ce. Idan kaji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, wutar ce bata isa ba, solonoyid yana haɗawa, kik ya ja wuta, ƙarfin ya faɗi ƙasa, solonoyid ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake haɗawa, haka zaita yi. Wannan batir ne ko kan batir ko wayar at, kusan ko yaushe. Idan ƙas ɗaya ne mai ƙarfi sannan shiru, kunna fitila ka sake gwadawa kana kallonta. In fitilar ta dushe sosai to wuta tana tafiya amma wani abu ya riƙe, ko amecha ta cije ko injin kansa ya cije ko batir ɗin ne ya gaza, in kuma fitilar ko gezau batayi ba to babbar wutar ma bata wuce ba, faifan tagullar solonoyid ya ƙone ko buroshi ya ƙare. Idan kaji wiiii kik yana gudu shi kaɗai injin baya motsi, bendis ne yake sulɓewa. Idan kaji ƙarar gurzar ƙarfe mai tada tsigar jiki, haƙora ne, na bendis ko na fulawil. Shiru gaba ɗaya kuwa babu ko ƙas, fara da ƙaramar wayar da take zuwa daga makulli.

Bayan kunne sai mita. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen 12.6 idan mota tana kashe, in ka ga 12.0 to ya yi ƙasa sosai duk da lambar tana kama da daidai. Amma awon da yafi muhimmanci shine wanda akeyi lokacin da wani yake murɗa makulli, a nan bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Sai kuma awon da nake ganin shine ya raba mai rewaya na gaske da mai canje-canje, ka ɗora tsinken mita ɗaya akan dalmar batir ɗin kanta, ba akan maƙalin ba, ɗaya tsinken akan babban kusan kik, a murɗa makulli. Abinda mita ta nuna shine wutar da take ɓacewa a hanya, in ya haura rabin bolt akwai matsala a wayar ko a maƙali. Ka maimaita a ɓangaren at, daga dalmar batir zuwa jikin kik. A tsofaffin motocinmu ɓangaren at ɗin nan ne yafi cin mutane, saboda an sauke inji an mayar ba sau ɗaya ba sau biyu ba, wani yaron gareji ya manta saƙaƙƙiyar wayar da take haɗa inji da bodi, ko an ɗaure ta akan fenti, ko ta rube ta ciki rabin silin ya tsinke. Idan babu ita wutar sai ta nemi hanya da kanta, ta bi ta wayar totur ko wayar cok, har zaka taɓa kaji tayi zafi ko robar jikinta ta narke. Duk motar da wayar cok ɗinta take zafi bayan an yi kik, ba sai an kwance komai ba, at ne.

Akwai kuma gwajin da kowa ya sani na haɗa babban kusan solonoyid da ƙaramin da sukudireba. Yana da amfani, in kik ya juya garau ta haka to laifin yana makulli ko ƙaramar waya. Amma don Allah a tabbata giya tana firi an ja burkin hannu, tsofaffin motocin nan babu wani abin tsaro da zai hana su tafiya, kuma mutum yana tsaye ne a gabansu ko yana kwance a ƙarƙashi.

To idan duk wannan ya nuna cewa lallai cikin kik ne, sai a cire wayar at daga batir tukuna kafin sifana ta taɓa komai, domin babbar wayar kik kai tsaye take daga batir babu fiyus a tsakani, sifana ta haɗa ta da bodi zata yi ja nan take. Na tsaya kan wani dattijo mai rewaya yana buɗe kik ɗin wata akori-kura 504, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, kafin ya kwance komai ya ɗauki ƙusa ya ja layi ɗaya a jikin gangar daga murfin baya zuwa hancin, don idan ya tashi mayarwa komai ya koma inda yake. Ya zare dogayen kusoshin nan biyu, ya ɗaga murfin baya, wani baƙin gari ya zubo akan kwalin, garin buroshi ne da ƙura. Ya ɗaga sifirin da ɗan ƙugiyar waya ya zaro buroshi ɗaya ya miƙa wa mai motar, ya cinye har ya kusa kaiwa inda wayar tagullar take shiga. Mai motar yace Baba ni fa da sabon kik za'a sa min kawai na huta, dattijon yace Alhaji wannan da kake gani ba za ka samu irinsa a shago ba, buroshi ne da bushi, bani zuwa la'asar. Sai ya kama bakin sandar amecha ya girgiza ta gefe da gefe, tana wasa a cikin bushin, wato ɗan zoben da sandar take juyawa a cikinsa, ya zaro ta ya nuna wani waje a jikinta da yayi ƙyalli, inda take gogar ƙarfen naɗin da ke cikin gangar.

Wannan ƙyallin yana da bayani. Tsakanin amecha da ƙarafen da ke kewaye da ita tazarar ƴar kaɗan ce, kuma idan wuta ta shiga maganaɗisu yana fizgarta da ƙarfin gaske, to in bushi ya cinye sai ta karkata ta dinga gugar gefe, kik ya dinga juyawa a hankali yana shan wuta ninkin wadda ya saba, wayoyi suyi zafi, batir ya dinga mutuwa. Mutane da yawa sun sayi batir sabo har sau biyu akan bushin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Bushin asali na tagulla ne mai ƙananan ramuka da ido baya gani, yana shan mai ya riƙe, shi yasa ake jiƙa sabo a cikin baƙin mai ya kwana kafin a buga shi, kuma shi yasa wanda ake zuwa a yanko a wajen masu injin dira daga dunƙulen jan ƙarfe baya daɗewa kamarsa, baya riƙe mai.

Inda buroshi yake hawa a jikin amecha, wato jerin yankakkun tagullar nan, a goge shi da sanfefa mai laushi irin ta katako a zagaye, banda baƙar nan ta ƙarfe domin garinta yana ɗaukar wuta kuma yana maƙalewa a tsakanin tagullar. A bi tsakanin da tsinke a fitar da datti. A duba inda wayoyin amecha suke manne da tagullar, in ka ga dalma ta narke ta fantsama a cikin murfi to an taɓa matsa wa kik ɗin har yayi zafin da bai kamata ba, irin na mutumin da mota taƙi tashi ya riƙe makulli minti guda yana jira. Kik ba shi da fanka ba shi da wata hanyar huce zafi, daƙiƙa 10 zuwa 15 ne iyakarsa sannan a barshi ya huta. Sai a auna da mita tsakanin tagullar da sandar amecha, bai kamata su haɗu ba, haka naɗin cikin ganga, a duba ko rufinsa ya ƙone yana taɓa ƙarfe. Amecha da ta ƙone ko naɗin da ya ƙone sune kawai nake ganin sun isa a ce aikin ya girma, su ma ana sake naɗa su. Buroshin sabo in na dalma ne a manna shi da kyau da babban ƙarfen dalma mai zafi sosai, kar dalmar ta bi wayar ta sandare ta, domin sai wayar tana lanƙwasa buroshin zai dinga bin amecha yayin da yake cinyewa. Sifirin ɗin ma a duba shi, wanda zafi ya kashe baya danna komai.

Solonoyid na da yawanci ana buɗe shi. Zaka tarar faifan tagullar yayi baƙi yayi ramuka, kusoshin biyu sun zaizaye gefe ɗaya. A wasu ana juya faifan a yi amfani da bayansa, a goge kusoshin ko a juya su, ya koma aiki na shekaru.

Bendis kuma gwajinsa a hannu ne, ya juya sumul ta gefe ɗaya ya cije ta ɗaya gefen. Dalilin wannan cijewar shine haƙoran bendis kamar tara ne, na fulawil sun haura ɗari, to da zarar inji ya tashi in babu abinda zai saki, fulawil zai juya amecha ninki goma da wani abu na gudun injin, wayoyinta su tarwatse. Akwai giris a rufe a cikinsa tun daga kamfani, saboda haka kuskure ne babba a tsoma shi cikin kwanon fetur a barshi, fetur ya wanke giris ɗin babu hanyar mayarwa. A goge bayansa kawai. Motocin Ingila na da irin su Morris Minor da tsofaffin Land Rover nasu daban ne, babu solonoyid a goye, saurin juyawar ne yake wurga bendis ɗin akan wani zare ya shiga fulawil, kuma irin wannan ba'a sa masa giris sam, da ƙurar hunturu irin tamu giris ɗin zai zama taɓo ya riƙe shi, a wanke a barshi a bushe.

Kafin a mayar da kik a haska tocila ta ramin a duba haƙoran fulawil, a sa wani ya dinga juya injin a hankali da sifana har ya zagayo. Inji mai silinda huɗu idan aka kashe shi kusan kullum a ɗaya daga wurare biyu yake tsayawa, don haka a wuraren nan biyu bendis yake sara duk safiya shekara da shekaru, zaka ga sauran haƙoran lafiya lau amma nan sun gutsure. Motar da wani lokaci take tashi garau wani lokaci tayi gurza, sai an sa giya an ɗan tura ta sannan ta kama, wannan ce matsalarta, kuma ko kik goma aka canza ba zata daina ba sai an sauke giyabos an canza zoben haƙoran.

Masu Beetle suna da nasu ƙarin. Bushin gaba na kik ɗinta ba a jikin kik yake ba, yana cikin gidan giyabos, shi yasa ake gyara kik tsaf a mayar ya ci gaba da jan ƙafa, an manta bushin da ya rage a mota. Sannan waɗanda aka yi kafin 1967 masu bolt 6 ne, fulawil ɗinsu haƙora 109, masu bolt 12 kuma 130, ba'a haɗa kik ɗin wannan da fulawil ɗin wancan. Ga kuma batir a ƙarƙashin kujerar baya, wuta ta tafi gaba wajen makulli ta sake dawowa baya wajen solonoyid ta cikin waya mai shekara hamsin, kafin ta iso ta gaji. Maganin wannan, a Beetle da ma 504 ɗin da makullinta ya tsufa, shine a sa rile kusa da kik, makulli ya dinga kunna rile ɗin kawai, shi kuma ya ɗauko wuta kai tsaye daga babbar waya ya bai wa solonoyid. Yafi maɓallin nan da ake huda dashbod a maƙala, wanda yake ɓata mota kuma bai gyara komai ba.

Maganar dukan kik da guduma, eh yana tada mota, saboda girgiza tana sa buroshin da ya maƙale ya taɓa, kuma kik na da mai naɗin waya yana jurewa. Amma saƙo ne cewa buroshi ya kusa ƙarewa, a je a buɗe. Abinda ya kamata a sani shine ƙananan kik na zamani da ake sawa a madadin na asali, da yawansu maganaɗisu ne manne a cikin gangar, guduma ɗaya mai kyau ta fasa shi. Ban ce na zamanin duk basu da kyau ba, mai giya a ciki na kamfanin kirki yana juya inji da sauri kuma baya shan wuta sosai, ga mai dizal ma taimako ne. Matsalar ita ce abinda yafi yawa a kasuwa mai arhar ne, tagullar ciki ƴar kaɗan, solonoyid a matse ba'a buɗewa, wani ma yawan haƙoransa ko tsawon hancinsa bai yi daidai da fulawil ɗin ba sai ya dinga cin haƙoran a hankali, arha kuwa bata ado. In dole sai an canza, gara mutum ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon a hannunsa, a ƙirga haƙora a gwada hanci da ramukan kusoshi, kuma ya dawo gida da tsohon nasa, kar ya bari a karɓe shi a matsayin ragin kuɗi.

Saura matsala ɗaya da take rikita mutane, motar da take tashi lafiya da safe amma in anyi tafiya aka tsaya shan mai sai kik ya dinga juyawa da ƙyar. Zafi yana ƙara wa tagulla tsaiko, don haka duk wani rauni da yake ɓoye a waya ko buroshi ko bushi a lokacin yake fitowa. Amma kafin a taɓa kik a duba taimin, domin in an matsar da distirbita wuta tana zuwa da wuri fiye da kima, fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba sai ya dinga tura injin baya yana faɗa da kik, zaka ji yana juyawa yana tsayawa yana juyawa, wani lokaci har ya fasa hancin kik ɗin. Gwajin mai sauƙi ne, cire ƙaramar wayar da take kai wa koyil wuta ka murɗa makulli, in injin ya juya sumul babu tsayawa to kik ba shi da laifi, a gyara taimin. Idan an tashi mayar da kik ɗin da aka gyara kuma, a kankare fuskar da yake zama a jikin gidan kuloci har ƙarfe ya fito fes babu fenti babu mai, domin ta nan at ɗinsa yake bi, a ɗaure kusoshin da kyau, babban notin waya kuma a riƙe shi daidai kar a murɗe kusan ya juya ta ciki, sannan a sake ɗora mita a maimaita awon nan na ɓangarori biyu ana murɗa makulli kafin a rufe bonet.